Baƙin Kwana Takwas: Abin da Bincike Ya Gano Game da Gajerun Tafiye-tafiyen Bishara

Duk wanda ya taɓa ratsa filin jirgin sama na Miami ko Atlanta ko Houston a watan Yuni ko Yuli ya san su. Gungu ne na mutum goma sha biyar ko ashirin, yawancinsu samari da 'yan mata, kowa sanye da riga iri ɗaya kamar ankon biki, an buga ayar Littafi Mai Tsarki a gadon bayanta. Ga manyan jakunkuna maƙare da magunguna da ƙwallaye da littattafan yara da burushin fenti. Kafin a kira su shiga jirgi sai su yi da'ira, su riƙe hannun juna, su yi addu'a. Wasu Honduras za su, wasu Guatemala, wasu Haiti ko Kenya. Bayan mako ɗaya ko biyu za ka sake ganinsu a filin nan, rana ta ƙone musu wuya, suna nuna wa juna hotuna a waya, wasu har da hawaye.

Robert Wuthnow, masanin zamantakewa a Jami'ar Princeton, ya ƙiyasta cewa a wajen shekarar 2005 manyan mutane kimanin miliyan 1.6 daga ikilisiyoyin Amurka ne ke fita ƙasashen waje kowace shekara don irin wannan tafiya, ban da yara 'yan sakandare. Matsakaiciyar tafiya kwana takwas ce. Abin da ake kashewa a shekara ya haura dala biliyan ɗaya. Mu da muka tashi a ikilisiyoyin arewa wani hoto daban muke da shi na ɗan mishan. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a ƙarshen 1893 da nufin shigowa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Likita Walter Miller sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna koyon Hausa kafin ya doshi Kano a 1900, ya yi shekaru a Zariya, ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, kuma a ƙasar nan ya rasu a 1952. Ko me mutum zai ce game da alaƙar waɗannan mutane da mulkin mallaka, kuma akwai abin faɗi, sun zo ne da niyyar tsufa a nan. Na yanzu kuwa tikitin komawa na aljihunsa tun kafin ya tashi.

Ba a daɗe da fara wannan salo ba. A 1957 wani ɗalibi mai suna George Verwer ya cika mota da littattafai ya tsallaka Meziko da abokansa biyu lokacin hutu, daga nan ƙungiyar bishara ta Operation Mobilisation (OM) ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa ƙungiyar bishara ta Youth With A Mission (YWAM) don tura matasa na ɗan lokaci, a 1961 kuma gwamnatin shugaba Kennedy ta Amurka ta fito da shirinta na tura matasa aikin sa kai ƙasashen waje. Jiragen sama masu sauri suka mayar da tafiyar makonni ta koma ta sa'o'i, kuɗin tikiti ya sauko, sai kowace ikilisiya ta ga ba sai ta bi ta hannun wata hukumar mishan ba, ita ma za ta iya haɗa nata ayarin. Suka ma ba ta makara ba. A 1968 Ivan Illich, firist ɗin Katolika da ke zaune a Cuernavaca ta Meziko, ya tsaya gaban ɗalibai masu shirin aikin sa kai ya roƙe su su zo su kalli ƙasar, su yi karatu, amma su bar zancen taimako, domin kyakkyawar niyyarsu ba za ta hana su yin ɓarna ba. Sai dai an yi shekaru da yawa ana yabo ana suka ba tare da wani ya zauna ya auna komai ba. Binciken jami'a na sosai bai kankama ba sai bayan shekarar 2000.

Abu na farko da ya fito fili shi ne inda ake zuwa. Robert Priest, masanin al'adu wanda shi kansa ɗan 'yan mishan ne da ya girma a Bolibiya, ya bi diddigin wannan tare da ɗalibansa a makarantar tauhidi ta Trinity da ke jihar Illinois a lokacin. Suka tarar ɗan ƙaramin kaso ne kawai ke zuwa ƙasashen da Kirista suka yi ƙaranci. Rinjayen tafiye-tafiyen Meziko suke, da Guatemala, da Honduras, da Jamhuriyar Dominika, da Kenya, da Uganda, inda majami'u ke cika maƙil ran Lahadi, wani lokaci fiye da na garin da baƙin suka fito. Ke nan kalmar bishara a nan tana iya ɓatar da mutum. Yawancin abin da ke faruwa ziyara ce ta Kirista masu hali zuwa wurin Kirista marasa hali: a yi gini, a yi fenti, a duba marasa lafiya, a koya wa yara waƙoƙi.

To idan mutanen can sun riga sun ji bishara, kuma suna da magina da masu fenti da ke neman aikin yini, me ya sa za a kashe wannan kuɗi? Amsar da shugabannin ikilisiya suka fi bayarwa ita ce tafiyar tana canza wanda ya je. Zai dawo da tausayi, ya ƙara baiko, ya ƙara addu'a, wataƙila ma ya ba da ransa ga aikin mishan na dindindin. Binciken farko-farko ya goyi bayan haka, har wani da wata ƙungiyar shirya tafiye-tafiyen ta yi a farkon shekarun 1990 ya ce baikon mutane ga mishan ya ninka. Amma ta yaya aka sani? An tambaye su ne, suka faɗa.

Nan ne aikin Kurt Ver Beek ya shigo, kuma a ganina shi ne binciken da ya fi cancanta a tsaya a kansa. A lokacin malami ne a kwalejin Calvin da ke jihar Michigan ta Amurka, amma shi da matarsa Jo Ann Van Engen sun shekara da shekaru a Tegucigalpa, babban birnin Honduras, suna jin yaren, suna zaune cikin unguwar talakawa. A ƙarshen Oktoban 1998 guguwar Mitch ta afka wa ƙasar, ta kashe dubban mutane, ta share gidaje ba adadi. Hukumar agaji ta ikilisiyarsu ta ba ƙungiyoyin Kirista 'yan ƙasa kuɗin sake gina gidaje, a gefe guda kuma ayari-ayari na masu sa kai suka riƙa zuwa daga Amurka da Kanada su ma suna gini. Ba da gangan aka tsara ba, amma sai ga ma'auni ya samu: ga gidajen da baƙi suka gina, ga waɗanda 'yan gida suka gina, a ƙasa ɗaya, bayan masifa ɗaya.

Bayan 'yan shekaru Ver Beek ya bi gidajen, ya zauna da masu su, ya kuma aika wa mutum fiye da ɗari daga cikin waɗanda suka zo tambayoyi. Lissafin kuɗin shi ya fara ɗaga hankali. Gida ɗaya a hannun ƙungiyar 'yan ƙasa yana cin kimanin dala 2,000. Ayarin baƙi kuwa, idan aka haɗa tikiti da masauki da abinci, yana kashe sama da dala 30,000 kafin ya tsayar da gida ɗaya. Kuɗin gida goma sha biyar ke nan. Ya duba ko zaman baƙin ya bar wa iyalan wani abu na daban, a imaninsu ko a zaman unguwa, bai ga bambancin kirki tsakanin su da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa ba. Ba a cuce su ba, amma ba a ƙara musu komai ba bayan gidan. Alkawarin wasiƙa da zumunci da aka yi ranar rabuwa kuwa, kaɗan ne suka cika shi.

Sai ya yi wani abu da ba a saba yi ba. Da matafiyan suka ce masa baikonsu ya ƙaru sosai tun da suka dawo, bai tsaya nan ba, ya je ya buɗe littattafan hukumar da suka ce suna ba wa. Ƙarin da ya gani bai taka kara ya karya ba. Ba na jin mutanen nan ƙarya suka shirya. Zuciyarsu ta motsu da gaske, kuma mutum yakan auna kansa da abin da ya ji a ransa, ba da abin da ya fita daga aljihunsa ba. Daga baya Ver Beek ya tattaro binciken da wasu suka yi kafin nasa, ya tace, ya ware waɗanda suka auna mutum kafin tafiya da bayanta, ko suka kwatanta shi da wanda bai je ba. Mafi yawan waɗannan ba su ga canji mai ɗorewa ba. Ya kwatanta matafiyin da ɗanyen icce. Mu ma mun ce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma duk manomi ya san sauran zancen: in ka tanƙwara shi kwana takwas ka saki, miƙewa zai yi ya koma yadda yake. Sai an kafa turke an ɗaure shi damina da rani. Abin da yake nufi shi ne, in ikilisiya na son tafiyar ta yi tasiri, aikin yana bayan dawowa: wa zai zauna da yaron nan bayan wata shida ya tambaye shi ina alkawarin da ya ɗauka?

Ba kowa ya yarda da shi ba, kuma masu ja da shi suna da hujja. Jenny Trinitapoli da Stephen Vaisey sun yi amfani da wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya da ya bi matasan Amurka, aka tambaye su suna 'yan sakandare, aka sake komawa kansu bayan 'yan shekaru. A sakamakon da suka fitar a 2009, waɗanda suka je irin wannan tafiya sun fi takwarorinsu riƙe zuwa sujada da tsayawa kan imaninsu. A 2011 Kraig Beyerlein da abokan aikinsa suka ga cewa irin waɗannan matasa sun fi shiga aikin sa kai da al'amuran jama'a. Amma akwai ƙulli a nan. Yaron da ya yarda ya yi wata uku yana wanke motoci yana tara kuɗin tikiti, iyayensa kuma suka tsaya masa, tun asali ba ɗaya yake da wanda bai ko kula da sanarwar ba. Tafiyar ce ta gyara shi, ko gyararre ne ya tafi? Masu bincike suna ƙoƙarin cire wannan da dabarun lissafi, amma ba ya fita tas.

Akwai wani bincike daga wani addini da ya nuna yadda ake kwance irin wannan ƙulli, ina kawo shi ne don hanyar aikin, ba don in haɗa ibadun biyu ba. A Pakistan masu neman kujerar Hajji ta gwamnati sun fi kujerun yawa, sai ana jefa ƙuri'a. Masana uku, David Clingingsmith da Asim Khwaja da Michael Kremer, suka bi mutum kimanin 1,600 da suka nema a 2006, waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba. Duka ɓangarorin niyyarsu ɗaya, shirinsu ɗaya, rabo ne kawai ya raba su. Don haka da aka ga alhazan sun fi kiyaye salla da azumi, sun kuma fi yarda da zaman lafiya tsakanin ƙabilu da ɗariƙu, an iya cewa tafiyar ce sanadi. Ikilisiyoyi ba sa jefa ƙuri'a kan wanda zai je Honduras, shi ya sa muhawarar ta ƙi ƙarewa.

Ko an yarda tafiyar tana ƙarfafa imanin mai tafiya, da sauran tambaya: me yake koyowa game da mutanen da ya je wurinsu? Mun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma Priest da ɗalibansa sun ga cewa tafiyar ita kaɗai ba ta rage raina al'adar wasu, sai in an haɗa ta da koyarwa ta gaske kan al'ada da tarihin wurin. Son abin duniya ma bai ragu ba a wurin waɗanda suka je. Brian Howell, masanin al'adu a kwalejin Wheaton, ya bi ayarin 'yan sakandare tun daga tarukan shiri har Jamhuriyar Dominika har dawowa, ya wallafa abin da ya gani a 2012. Ya lura cewa tun kafin yaran su hau jirgi an riga an ba su labarin da za su dawo da shi, domin sun ji shi a bakin waɗanda suka je bara: mun je mu bayar sai ga shi mu muka karɓa, ba su da komai amma ga su cikin farin ciki. Labarin yana da daɗin ji, kuma akwai tawali'u a cikinsa. Amma yana rufe ido. Yaron da ya riga ya san cewa zai ga talaka mai murmushi ba zai tambayi me ya sa rake ke da arha ba, ko wa ke da gonar, ko me ya sa 'yan asalin Haiti a ƙasar ba su da takardu. Talauci ya zama darasin ruhaniya da aka shirya domin baƙo, maimakon wahala mai dalili da za a iya tono shi.

Duba fa, duk wannan da na lissafo baƙo ake aunawa. Shi ke da adireshi, shi ke jin Turanci, shi ne ɗalibin mai binciken. Mai masauki shi ya fi ƙaranci a cikin takardun, kuma ko an tambaye shi, samun amsarsa ta gaskiya wani aiki ne.

Na san wannan domin na taɓa zama tafinta. Ina saurayi wani ayari ya zo wata ƙaramar ikilisiya a ƙauyen su mahaifiyata, suka yi kwanaki suna fentin ajujuwa biyu na makarantar Lahadi. Mutanen kirki ne, sun ci tuwon dawa da miyar kuka ba su yatsina fuska ba, wata daga cikinsu har surfe ta gwada, mata suna ta dariya suna gyara mata riƙon taɓarya. Daren da za su tafi shugabansu ya fito da ɗan littafi ya ce in tambayi Baba Fasto ya faɗa musu tsakani da Allah abin da ya kamata su gyara in za su sake zuwa. Baba ya gyara zama ya ce, "Ka ce musu babu komai sai godiya. Ubangiji ya sāka musu, ya kai su gida lafiya." Na fassara, aka rubuta. Da safe bayan motarsu ta tashi muna tsaye a bakin ajin, sai ya ɗaga kai ya kalli kwanon rufin da rana ke leƙowa ta hudojinsa. Na ce, "Baba, ai da kun faɗa musu rufi ne damuwarmu." Ya ce, "Ɗana, mutum ya tsallako teku da fenti a hannunsa, ka ce masa ba fenti kake so ba? In ka faɗa, baɗi ba za su zo ba, su kuma gaya wa na bayansu cewa mu ba mu da godiya."

A cikin littafin mutumin nan an rubuta cewa mai masauki ya gamsu ɗari bisa ɗari. Kara ce da kunya, da kuma lissafin wanda ba ya so ƙofa ta rufe. Wani mai bincike, David Livermore, ya ci karo da irin wannan da ya tambayi fastocin Amurka da suka je koyarwa ƙasashen waje, ya kuma koma ya tambayi fastocin da aka koyar. Na farkon suka ce jama'a na ƙishin koyarwarsu, kowa ya yi tsit yana saurare. Na biyun suka nuna cewa shirun nan ladabi ne, an kuma zo musu da darasin da suka daɗe da wucewa, ba a tambaye su me suka sani ba.

Amma zan yi rashin adalci in na bar ku da tunanin cewa mai masauki abin tausayi ne kawai wanda aka ɗora wa baƙi. Priest ya tambayi ɗaruruwan fastoci a birnin Lima na Peru, fiye da rabinsu sun taɓa karɓar ayari daga waje, kuma galibinsu suna so a ci gaba. Dalilinsu mu ba baƙonmu ba ne: sanayya da wanda ke sama. Ikilisiyar da ba ta da kowa, in ta fito da likitoci Turawa a unguwa, shugaban ƙaramar hukuma zai amsa gayyatarta, maƙwabta za su dube ta da daraja, wata ƙofar tallafin karatu ko ginin asibiti za ta buɗe bayan shekara biyar ta hannun wani da ya taɓa kwana a gidan fasto. Wani mai bincike, Stephen Offutt, ya ga irin haka a El Salvador da Afirka ta Kudu, inda shugabanni masu wayo ke saka ayarin baƙi cikin shirin da su suka tsara tun farko. Wannan ya rage wa lissafin Ver Beek kaifi ta wani gefe. Dala 30,000 ɗin nan ba a ajiye take tana jiran a aika ba. Kawu da gwaggo sun bayar ne domin ɗiyarsu ce za ta je. In aka soke tafiyar, yawancin kuɗin ba Honduras zai nufa ba, zai tsaya inda yake. Zumunta a ƙafa take, kuma fuskar da ka gani ta fi wasiƙar neman taimako shiga rai. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shi hujjar ƙin tambayar ko rufi ake so ko fenti.

Akwai wurare biyu da ɓarnar ta fito ƙarara har muhawara ta ragu. Na farko gidajen marayu. A 2010 Linda Richter da Amy Norman sun yi rubutu kan masu sa kai da ke zuwa gidajen yara a kudancin Afirka, suka nuna illar da ke tattare da ƙaramin yaro ya shaƙu da wani mako biyu, a tafi a bar shi, wani ya zo, a sake barinsa. Yaron da ke rugowa ya rungume duk baƙon da ya shigo, abin da ke sa matafiya kuka don daɗi, sau da yawa alama ce ta wannan rauni. Ga kuma kuɗi. Ƙungiyar Lumos mai kare yara ta ba da rahoto a 2017 cewa yara kimanin 30,000 ne ke gidajen marayu wajen 750 a Haiti, kusan kashi 80 cikin ɗari suna da uwa ko uba a raye, kuma aƙalla dala miliyan 70 ke shiga gidajen a shekara, mafi yawa daga Kiristan Arewacin Amurka. Inda baƙi ke son ganin marayu, wani zai samar musu da marayu, ya je wurin uwa matalauciya ya yi mata alkawarin makaranta da abinci. Bayan girgizar ƙasar Janairun 2010 an kama Amurkawa goma, yawancinsu daga ikilisiyoyin Baptis na jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallakar da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba takardu, aka kuma gano yawancin yaran suna da iyaye. A 2018 Ostireliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin abin da take ɗauka bautar zamani.

Na biyu aikin lafiya. Judith Lasker ta Jami'ar Lehigh ta zauna da ma'aikatan lafiya masu karɓar baƙi a ƙasashe da suka haɗa da Haiti da Ghana da Nijar, ta fitar da bincikenta a 2016. Ba su ce kada a zo ba. Sun ce a daɗe fiye da mako ɗaya ko biyu da aka saba, a zo da gwaninta da ɗan sanin yare da al'ada, a kuma riƙa dawowa wuri ɗaya. Wanda ya auna wa tsohuwa hawan jini ya ba ta maganin wata ɗaya ya hau jirgi, me ya bar mata a wata na biyu? Ɗalibin da ba a yarda ya ɗinke rauni a garinsu ba, wa ya halatta masa a namu? Amma ga asibitin Galmi a Nijar da ke aiki tun 1950, ga asibitin ido na ECWA a Kano, ga Jankwano a Jos. Ƙwararren likitan tiyata da ya zo irin waɗannan wurare na 'yan makonni yana shiga tsarin da ya tarar ne, a ƙarƙashin waɗanda suka san majinyatan, kuma akwai mai cire zare bayan ya tafi. Shi ma gajeren zama ya yi kamar masu fenti, amma da ɗan gari ya ci gari.

Wani abin da gajeren zama ba ya bayarwa shi ne damar gane kuskurenka. Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostireliya, ya zo yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, tohon kututturen manyan itatuwa ne masu saiwa a raye. Daga nan shi da manoma suka bunƙasa abin da ake kira sassabin zamani, wanda ya maido da itatuwa a miliyoyin kadada. Sai da ya ga dashensa ya bushe sau da yawa kafin idonsa ya buɗe. Da kwana takwas ya yi, da ya dasa, ya ɗauki hoto da yara riƙe da butar ban ruwa, ya koma gida yana ba da shaida.

Kada kuma a ɗauka abin na Amurkawa ne kaɗai. Koriya ta Kudu tana tura dubbai, kuma duniya ta san haka a 2007 lokacin da 'yan Taliban suka kama mutum 23 na wata ikilisiya a lardin Ghazni na Afganistan, suka kashe biyu. Mu ma matasan manyan ikilisiyoyinmu na birni sukan cika bas lokacin hutu su nufi ƙauye da kwancen tufafi da lasifika, kuma duk tambayar da aka yi wa na Amurka ta hau kanmu. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne hanyar jirgin ta gefe ɗaya ce. Yarinya 'yar shekara goma sha shida za ta shigo ƙasarmu a kira ta 'yar mishan, amma faston da ya yi shekara talatin yana kiwon jama'a zai sha wuya kafin ya sami bizar rama ziyara. Idan na karanta Luka sura 10 nakan tsaya a kan yadda Yesu ya aiki almajiransa gajeriyar tafiya: ba jaka, ba guzuri, su sauka gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu. Su ne mabukata, mai gida ne mai iko. Tafiyar yau ta juya wannan, baƙo ke riƙe da jakar, shi ya sa mai gida ke auna kowace kalma.

An yi gyare-gyare. A farkon shekarun 2000 wasu ƙungiyoyi a Amurka sun amince da ƙa'idoji bakwai na kyautata irin wannan tafiya, ciki har da tsara aiki tare da mai masauki da bin sawun matafiyi bayan ya dawo. Littafin Steve Corbett da Brian Fikkert na 2009 kan yadda taimako ke iya cutarwa ya shiga hannun kwamitocin mishan da yawa, har wasu ikilisiyoyi suka daina cewa za su je aiki, suka koma cewa za su je koyo. Ina murna da wannan. Amma har yanzu mai tafiya ne ke rubuta ƙa'idar, shi ke auna kansa da ita. Binciken da nake jira shi ne wanda ɗalibanmu na makarantun tauhidi da sassan nazarin zamantakewa a Jos da Zariya da Yamai za su yi, da harshen mutanen, ba baƙo a ɗakin, bayan damina biyu da tafiyar ayarin, su tambayi magini da mai dafa abinci da matar fasto da ta bar ɗakinta ta kwana a tabarma, ba fasto kaɗai ba.

Ajujuwan nan biyu na ƙauyen su mahaifiyata, ruwan farko da ya sauka ya bi hudojin kwano ya zubo ta bango, ya bar dogayen layuka a kan sabon fentin. Zumuntar mata ce ta yi adashi ta sayi bandir na kwano bayan shekara uku. Da ayarin ya aiko da wasiƙa yana tambayar yadda ajujuwan suke, ni Baba Fasto ya kira in rubuta amsa, ya ce in ce musu yara suna jin daɗinsu ƙwarai.